Irin Kakanku da ke Cikin Kwalba

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina ɗaya, ƙirjina ne kawai ya gaza. Likita ya ce maganin feshin lambu ne ya ci huhuna. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Wata safiya, shekara uku ke nan, na isa kasuwa da kwando goma sha biyu na tumatir. Na tarar da manyan motoci masu firji daga ƙetare, ana sauke kwalaye. Tumatir ɗinsu kai ɗaya kamar ƙwai, yana kwana goma bai yi laushi ba. Matan da suka saba saye a wurina suka wuce suna kallon ƙasa. Da la'asar na zubar da kwando bakwai a bayan kasuwa, awaki ma suka ƙoshi suka bari.

Na ɗaya. Ku san kuskurena. Na sayi kwali guda na tumatir ɗinsu, na matse 'ya'yan, na shanya, na shuka lambun duka da su. Ashe irin nan ba ya haifar kamarsa. Ganye ya yi kyau, 'ya'ya suka fito ƙanana, wasu duk ruwa. Garin neman gira na rasa ido, don shekarar ban ɗebi irin kakanku ba.

Na biyu. Abin da ya rage na irinsa yana cikin kwalba a bayan buhun taki, gauraye da toka, bai kai cikin tafi ba. Iri ba ya jiran yaro ya girma. Kai babba shekararka bakwai, ke auta ko yaye ba a yi miki ba. In ba a shuka shi bana ko baɗi ba, ya mutu.

Na uku. Injin ban ruwa a bar wa mahaifiyarku ta riƙa ba da haya. Sauran a raba yadda addini ya ce.

Na huɗu. Baffanku, ƙanena, ya bar lambu ya koma dako a ɗakin sanyi na masu motocin. Na kira shi bawan kwali a gaban mutane, tun ranar ba mu gaisa ba. Shi ya fi ni gaskiya, gidansa ana ɗora tukunya. Ku gaishe shi kamar ni. Roƙona gare shi kunya uku kawai a lambu duk shekara, ya shuka, ya ɗebi iri, ya mayar kwalba. Ba don kasuwa ba, kasuwa ta riga ta tafi.

Ban ce ku zama manoma ba. Da mu goma sha ɗaya ne masu lambu a bakin rafin nan, saura mu biyu. Amma ranar da motocin suka daina zuwa, ina so a samu abin shukawa a gidanmu.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku. Ku riƙe mahaifiyarku, kada ku bari a raba ku gida-gida.

Shaiduna su ne mahaifiyarku, da makwabcinmu tela, da mai gadin asibiti. Na aika a kira baffanku, ya ce mota ta iso, ana sauke kaya. Na bar masa wurin sa hannu a ƙasa.