Shafin da Fensir Ba Ta Zana Ba

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Fensir, da gwiwar nan taki da ba ta jin magani. Tun da kin daina ɗaga waya, na koma takarda. Direban da ke bi ta garinku Talata da Juma'a ya yarda zai riƙa miƙa miki.

Aji ukun da kika bar mini ya kusa sa ni furfura. Yara arba'in da bakwai, kowa karatu a bakinsa tiryan-tiryan, amma babu abin da ke shiga kai. Ranar nan wani ya karanta "Manomi ya sayar da akuyarsa" ba gargada. Na ce to wa ya sayar da akuya? Ya zaro ido ya ce, "Wallahi Malama ba ni ba ne."

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. A cikin kwalin kayan koyarwa da kika ba ni ranar da za ku tashi, can ƙarƙashin katunan baƙaƙe, na tarar da littafin agwagwa, wanda kika rubuta baitocinsa, 'yarki Fensir ta yi zanen. Na zauna a ƙasa na sha kukana. Sannan na yi abin da na san za ki yi mini faɗa a kai, na kai shi aji.

Yaya, da kin gani! Na ɗaga hoton na karanta:

Agwagwa ta kai 'yarta rafi,
Ta ce, "Ki shiga, babu..."

Na yi shiru, ajin duka ya ɗauka, "Zurfi!" Na ce me ya sa uwar ta faɗi haka? Hannuwa suka tashi sama. Wata ta ce don 'yar tana jin tsoro, ga ƙafarta ɗaya ta ɗaga a hoton. Ni kaina ban taɓa lura da ƙafar nan ba.

Akwai wata yarinya da muke ce wa 'Yar-taga, don can take zama. Tun farkon zango ban ji muryarta ba. Yau na ga leɓenta yana motsi tare da baitin.

Sai dai shafin ƙarshe baiti ne kawai, babu hoto. Ya ɓace ne, ko ba ta kai gare shi ba?

Ki gaida Baban Fensir. Ki ci abinci, don Allah.

Autarki


Talata

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta same mu lafiya.

Littafin nan kuskure ne ya sa ya shiga kwalin. Na yi wata takwas ina nemansa, har na zargi masu ɗaukar kaya. Ki naɗe shi a leda ki ba direba ranar Juma'a. Kada yaro ya sake taɓa shi. Shi ne abu na ƙarshe da 'yata ta zana a gidana, kuma kin sani. Ya kamata a ce kin tambaye ni kafin, ba bayan ba.

Maganar shafin ƙarshe ki bar ta.

Game da ajinki, ki daina tambayarsu "Kun gane?" Babu yaron da zai ce a'a. In ɗaya ya ba ki amsa, ki ce masa, "Ta yaya ka sani? Nuna mini a cikin baitin." Shekara ashirin da shida wannan tambayar kaɗai nake yi.

Ki gaida mutanen gida.

Yayarki


Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na yaga takarda uku kafin wannan. Gara in faɗa miki kai tsaye.

Na karɓi saƙonki jiya da safe, na naɗe littafin, na sa a aljihun tebur don in ba direba gobe. Ban kulle ba, makullin ya daɗe da lalacewa. Da aka kaɗa ƙararrawar tara na fita ofishin shugaba kai sakamakon gwaji. Minti ashirin ne, Yaya. Da na dawo, yara duk suna fili, sai 'Yar-taga ita kaɗai a kan kujerata, littafin a buɗe a gabanta, jan biro ɗina a hannunta.

Ta zana hoto a shafin ƙarshe. Da biro. Ba ya gogewa.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta saki biron, ta miƙe. Na ce wa ya sa ki? Ta ce, "Malama, babu hoto ne." Kalmomi huɗun farko da na taɓa ji daga bakinta ke nan, kuma da tsawa na ciro su.

Laifin nawa ne, ba nata ba. Ni na ɗauko, ni na bar aljihu a buɗe. Ni ma Fensir a bayana ta girma, na san abin da na ɓata. Ban da bakin ba ki haƙuri. In kin ce kada in sake taka gidanki, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Na kasa ba direba littafin a haka ba tare da kin sani ba. Ina jiran abin da za ki ce.

Autarki, mai neman gafararki


Talata

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Kada ki aiko shi tukuna, ba zan iya gani ba. Ki rubuto mini abin da ta zana, dalla-dalla. Ki kuma tambaye ta yadda ta sani.

Yayarki


Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da kika amsa. Na ɗauka shi ke nan.

Kin san baitin, amma bari in rubuta don ki ga inda ta sa yatsa:

Uwa ta ce, "Je ki, kar ki tsaya,"
Daga nan ta juya mata baya.
Ta cusa kanta cikin fiffike,
Rana ta faɗi tana nan a farke.

Zanen na yara ne. Agwagwar ta fi kama da buta mai ƙafa biyu. 'Yar tana can ƙarama a gefen shafi, ta kusa fita daga takardar. Uwar ta juya, kanta a ƙarƙashin fiffike. Daga ƙarƙashin fiffiken kuma ɗigo-ɗigo suna sauka cikin ruwa. Na ƙirga, guda tara.

Kwana uku yarinyar ba ta zo makaranta ba, sai da na bi ta gida. Wurin kakarta take. Na durƙusa na ba ta haƙurin tsawar da na yi mata, kakar tana kallona kamar na zare. Yau bayan an tashi na zaunar da ita, na ce waɗannan ɗigon mene ne? Ta ce hawaye. Na ce ai baitin bai ce tana kuka ba, ta yaya kika sani?

Ta ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe. Ta ce, "In barci za ta yi, ai ba za a ce a farke ba. Ɓoye fuskarta ta yi don kar 'yar ta gani ta dawo."

Na ce wa ya gaya miki haka? Ta ce babu kowa. Ta ce ranar da mamarta ta kawo ta gidan kaka za ta tafi aiki wani gari, haka ta yi. Ta ce mata shiga ciki, ta juya tana ta gyara mayafi, alhali mayafin ba abin da ya same shi.

Yaya, ni da na karanta musu shafin nan sau biyar, barci nake ce musu uwar ta yi.

Ki gaida Baban Fensir.

Autarki


Lahadi

Auta,

Sallama. Yau kwana uku takardarki tana cikin aljihun rigata. Zan gaya miki abin da ko Baban Fensir ban gaya wa ba.

Shafin nan Fensir ta zana shi. Saura kwana biyu ta tafi makaranta, akwatinta a buɗe a tsakar ɗaki, ta kawo mini zanen a kan teburin cin abinci ina gyaran jarrabawa. Agwagwa ce ta cusa kai a fiffike, hawaye yana bin gashin ƙirjinta. Ta yi shi da kyau, har ruwan ya yi zobe-zobe inda ɗigon ke faɗawa.

Na ce, "Wannan mene ne? Littafin yara ne. Uwa ta gama aikinta, ta kwanta ta huta. Ina kika ga kuka?"

Ta ce, "Umma, ke kika rubuta a farke."

Na ce don amsa-amo na sa, kalmar da za ta dace da fiffike nake nema, ba wani abu ba. Na ce mata matsalarta ke nan tun tana ƙarama, ba ta tsayawa ta karanta abin da ke gabanta, sai abin da ke kanta. Haka na faɗa, da muryar aji, jan biro a hannuna.

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Umma, ke ce ba ki karanta abin da kika rubuta ba." Na ce rashin kunya za ki yi mini? Ta ɗauki zanen, ta raba shi biyu, ta ce in ta dawo hutu za ta yi mini mai barcin.

A tasha ina ta yi mata faɗan kada ta sa mutane jira. Ta rungume ni, ni kuwa hannuna yana riƙe da jaka. Na ce je ki, direba zai tashi. Ban tsaya motar ta fita ba. Na zagaya bayan rumfar masu sayar da ruwa, na tsaya a nan har wata mata ta kawo mini kujera.

Wata uku muna waya duk Juma'a. Mu yi maganar kuɗin littafi, da sanyi, da abincin makaranta. Sau nawa na ɗauko maganar zanen a bakina in mayar, ina cewa bari ta dawo. Kin san sauran. Zazzaɓin kwana huɗu, ina cikin mota a hanya aka kira babanta cewa ta rasu.

Shekara guda da rabi abin da ke cina shi ne ta tafi tana ganin fushi nake yi da ita, shi ya sa na juya. Yanzu kin rubuto cewa yarinya 'yar shekara takwas ta gane daga kalma ɗaya. To 'yata ta gane tun kafin mu je tashar. Ta zana mini, ta kawo har gabana, na ce ba ta iya karatu ba.

Ban san ko sauƙi wannan ya kawo mini ko ƙari ba. Shekara ashirin da shida ina tambayar 'ya'yan mutane ta yaya suka sani. Tawa ban tambaye ta ba.

Kada ki sake yi wa yarinyar nan tsawa. Littafin ya zauna a ajin. Ki sa a gyara makullin.

Yayarki


Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Na karanta a ofishin malamai, sai da na fita bayan aji. Me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai? Ina raye, Yaya.

Abu ɗaya zan faɗa. Da Fensir ta zo yi mini sallama, na tsokane ta na ce Ummanki ko a jikinta. Ta yi dariya ta ce, "Anti, ba ki san Umma ba." A lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Ki zo. Duk Litinin ƙarfe goma muke karatun littafi. Ba sai kin koyar ba, ki zauna a baya. Yara suna tambayar wa ya rubuta, na ce yayata. Suna tambayar wa ya zana, nan nake kasa magana. Ke ya kamata ki gaya musu ita wace ce.

Ina jiranki.

Autarki


Talata

Auta,

Sallama.

Na zo jiya. Motar safe na biyo, goma saura na iso. Na tsaya a jikin katanga ta wajen itacen nan, inda ake jin aji ukun. Na ji kin yi shiru sun cika miki baitin. Kina saurin juya shafi, ki riƙa ba su lokaci su kalli hoton.

Na ji wata siririyar murya ta karanta shafin ƙarshe ita kaɗai. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Na kai hannu ƙofar makarantar, ƙafata ta ƙi. Na koma da motar sha biyu. Kada ki ji haushi ban neme ki ba.

Ki gaya musu wadda ta yi zanen shekararta goma sha tara, kuma ta fi uwarta iya karatu. Sauran in Allah ya ba ni iko ni zan faɗa, amma ban sa rana ba.

Ki gaida yaran.

Yayarki