Inna, Wannan Karon Cikin Ya Zauna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar Gabi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Allah na tare da ke, ina sanar da ke cewa na sauka lafiya. Mace ce, Inna, kuma murya gare ta kamar taki.

Kin san abin da na sha. Ciki biyu na yi a gidan Sani, duka suka zube tun ba su yi ƙwari ba. Na farkon kina raye. Kika zo Madarumfa a amalanken jaki, kika dama mini kunun kanwa, kika yi ta kwaikwayon tafiyar maƙwabciyarmu har dariya ta ƙwace mini. Na biyun ba kya nan.

Sai Gwaggo Hure, yayar Baba, ta samu abin faɗa. Wai jinina da na Sani ba su haɗu ba, saboda shi bare ne, mutumin Jibiya mai fataucin gyaɗa. Wai da ɗanta na aura, da yanzu goyo ya ishe ni. Har ta fara zuga Baba a raba auren. Ina son mijina, kin fi kowa sani, ke kika tsaya mini aka ɗaura. Amma maganar ta shige ni. Na riƙa jin tsoron jikina da kaina.

Da na samu na uku, na je awo a likita, na amayar wa ungozomar wurin da duk abin da ke raina. Sai da ta gama dariyarta ta zaunar da ni. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan halittu masu gadi, ido ba ya ganin su, su ne ke tara ruwa a inda ƙaya ta soke mutum har ta fito. Kowane ɗa kuwa rabinsa na ubansa ne, don haka baƙo ne a jikin uwa, ko da ɗan gwaggo aka aura. Inda jikin uwa ke haɗuwa da shi ita ce mabiyiya. A nan masu gadin ke taruwa, su sassauta masa, abinci ya riƙa wucewa, alhali ba su daina tare cuta ba. Ta ce manyan likitoci ma ba su gama gane yadda ake wannan sulhu ba. Shi kuwa ɓari dalilansa da yawa, har da zazzaɓin sauro, ga mu a bakin tabki. Ta ba ni magani, na sha ba fashi.

A hanyar gida ke na riƙa tunawa, ranar da aka haifi autanmu. Kina kwance a gajiye, amma idonki na kan mai wanke mabiyiyar, kina cewa, "A hankali dai, ita ta ciyar da shi kafin mu."

Na kai wa Gwaggo bayanin, ta ce zancen 'yan lakwal ne, masu karatun boko. Amma da ma kin ga abin da ya faru ranar haihuwa. Ita ta ture kowa, ta wanke mabiyiyar da hannunta, ta haƙa rami a bayan ɗakina ta rufe, a gidan baren nan da ta ce a raba ni da shi. Yanzu kullum tana nan, tana rantsuwa wai hancin yarinya na gidanmu ne. Hancin Sani ne sak, mun dai ƙyale ta.

Ina cikin farin ciki, Inna, irin wanda ban san akwai shi ba. Ranar suna Sani ya sa mata sunanki. Bakina ba zai iya faɗinsa ba, don haka Inna nake ce mata. Jiya na kira, ta juyo.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raya mini ita bisa halinki, Ya haɗa mu a gidan Aljanna.

Ni ce 'yarki,
Habsu