Kuɓewar Dada saura ƙwaya goma sha ɗaya

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kafin ruwan farko ya sauka.

Lokacin da muka gudo daga garinmu a wajen Madagali, mahaifiyata, Dada, ba ta ɗauko komai ba sai irin kuɓewa a ƙulle a bakin zanenta. Babanmu ya tsaya kora awaki, ya ce zai same mu a hanya, har yau ba mu ga ko gawarsa ba. Shekarun da muka yi a Girei kullum damina sai ta shuka, ta cire iri ta ajiye, wai miyar da Baba yake so ke nan.

Shekara biyu da suka wuce na kama mana haya a unguwar Dubeli, akwai ɗan fili a baya. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Numan, ta ce mini kada mu zuba iri sai an kai ƙasar gwaji, domin wanda ya tashi daga gidan mai gyaran batir ne. A gaban Dada ta faɗa. Ni kuma a raina na ce ƙasa ai ƙasa ce, mu da muka tashi a gona. Na ɗebi ƙasar a leda, na bar ta a jaka sati biyu, na dawo na ce wa Dada an duba, lafiya lau.

Ta shuka, ya fito ya yi rawaya ya mutu. Bara ma haka, har da takin kaji da ta yi ta tarawa. Tun daga nan ta daina yawan magana, ta ce tunda an duba ƙasa ba laifi, to hannunta ne, ƙasa ta ƙi ta saboda ta bar mijinta ba ta binne ba. Yanzu ko cefane ba ta so ta taɓa. Ina jin ta tana faɗa, ni dai sai in ci gaba da wanke-wankena, wallahi ko kuka ba ya zuwa mini.

Watan jiya na kai ƙasar da gaske. Masu gwajin suka ce ruwan batir da baƙin mai sun cinye ta, ko irin ya fito ma bai kamata a ci ba, sai dai mu samo ƙasa mai kyau mu shuka a buhu. Na karɓi takardar na shiga keke na dawo, ban ji komai a raina ba. Da na yi mata maganar buhu, ban faɗi dalili ba, ta yi fushi, ta ce ita ce 'yar gudun hijira, ba irin kuɓewarta ba, a ƙasa za ta sa shi ko a bari.

In na faɗa mata gaskiya za ta san ni na bar ta shekara biyu tana zargin hannunta. In na yi shiru za ta zuba sauran a wurin nan. Jiya ta kwance ƙullin ta ƙirga a gabana, goma sha ɗaya, ta tambaye ni ko in shuka mata da nawa hannun, tunda ni ba ni da alhakin kowa.

Me zan ce mata?