Na Dawo da Hotunan Dangi, Muryar Yaya Ta Biyo Su

Anti, ki taimake ni don Allah. Kwana huɗu ke nan ina yi wa matata ƙaryar babu intanet a unguwarmu.

Ni ne sarkin gwaninta a danginmu. Na ajiye tsohuwar kwamfuta a bayan firji, na haɗa ta da wayoyinmu goma sha ɗaya. Hoto ko murya, abin da mutum ya saka a jakar dangi da ke cikin kwamfutar, sai ya bayyana a wayar kowa. Duk Asabar nakan kwafe komai a wani faifai daban. Makon jiya kwamfutar ta mutu murus. Na gyara ta, na nemi faifan bana na rasa, sai na ɗora na bara, har ina ɗaga kafaɗa.

Ashe duk abin da aka goge zai dawo! Har da muryar Yayata, minti arba'in da biyu tana lissafa laifuffukan matata, tun daga tafiyarta har yadda take wanke cokali. Bisa kuskure Yaya ta saka bara, na goge kafin matata ta ji. Anti, a minti na tara ana jin dariyata.

Wayar matata kaɗai ba ta ɗauka ba, datarta ta ƙare. Na ɓoye rauta, na'urar da ke ba mu intanet, a injin wanki, na roƙi maƙwabci ya kashe tasa. To ita tela ce, awon kwastomominta duk yana cikin kwamfutar. Jiya ta yanka riga da ka, ba awo, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wallahi ina sonta, tsoro nake ji.

Naki,
Mai Dariyar Minti Tara

Ɗan'uwana, fara ciro rautar kafin a zuba wanki.

Kunna kwamfutar ba tare da intanet ba, ka goge muryar, ka sa kowa ya goge tasa, in ba haka ba wata wayar za ta sake turo ta. Daga yau kwafi biyu, da kwanan wata a jiki, ɗaya a wajen gida, kuma ka riƙa dubawa kafin ka ɗora.

Yayarka cikin fushi ta yi magana, ƙila ta manta ma. Amma matarka tana asarar yadin mutane saboda laifin da ba nata ba. Kuma dangi goma sun ji, kana zaton duk za su yi shiru?

Zaunar da ita yau ka faɗa mata da bakinka. Kar ka ɗora wa kwamfuta, ba ita ta yi dariya ba. Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya bar ku tare.