Jitar Baba

Yaya Kalolaine,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Lafiyata lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Tun Lahadi raina a ɓace yake. Goggon mijina ta zo gidanmu a Brisbane, ta ga jitar marigayi Baba kan littattafaina, ta ɗauka, wai komai na gidan ɗan wanta nata ne. Na ce, "Goggo, ta ubana ce." Ta ce, "Ke da kike yini kina yi wa masoyan cikin littattafan Rasha kuka, yaushe za ki kaɗa?" Maikolo, mijin nawa, ya bar ta ta tafi da ita.

Littattafai sun kai ni ko'ina, amma jitar nan kaɗai ke mayar da ni gida, tsibirinmu na Vava'u. Ki sa ni a addu'a. Asabar zan je in karɓo abina.

Ƙanwarki,
Lupe