Takardar Yaya Fanna

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Na je banki nan Gashua. Funke mai teburin ƙofa ta ce hukumar kasuwar hannun jari ta tsaurara: riba sai asusun wanda sunansa ke kan takarda, da shaidar ɗan ƙasa. Na cike fom. Hannun jarin Yaya Fanna ne, na 2007, da ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta ba ni in saya mata. Saboda ba ta iya sa hannu ba, na rubuta sunana don a gama da wuri. Wallahi a lokacin ban nufi komai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Ribar shekara goma sha bakwai ta faɗo wayata ina cikin aji. Sai da na zauna.

Juma'a, 16 ga Mayu
Da kasuwa ta faɗi a 2008 na ce mata komai ya nutse. "Allah ya maida alheri, Saleh," ta ce, ta koma kan bandar kifinta. Haka na zata, ai kowa haka ya zata. Ban ƙara bincikawa ba. To yanzu fa? Doka ta ce nawa ne. Dokar ce ta rene ni da Inna ta rasu? Kai, Saleh, ji kunya.

Talata, 20 ga Mayu
Na sayi firji. Wasila, matata, har da guɗa. Ban iya shan ruwan cikinsa ba.

Asabar, 24 ga Mayu
An kira daga Nguru. Ƙafafun Yaya sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce, sai an fara mata wankin ƙodar. Na tura abin da na kira gudummawa. Ta sa aka ba ta waya, tana ta sa mini albarka, wai ɗan'uwa irina sai an tona. Na ce mata layi ba kyau, na kashe.

Lahadi, 1 ga Yuni
Nguru. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce na yi tumbi kamar ɗan siyasa. Can ta sa aka sauko da kwallar bayan gado, ta ciro rasiɗin hannun jarin a leda, ko lanƙwasa babu.

"Na ji a rediyo ana ta gyaran harkar nan. Ko babu ko sisi, takarda ɗaya ke nan a duniya mai sunana. Karanta mini in ji."

Fom ɗin mayar da hannun jarin zuwa sunanta yana aljihuna tun Laraba, da tawadar dangwale. Na ce wa kaina don ko-ta-kwana na ɗauko, ba wai na yanke shawara ba.

Ta gyara zama tana jira. Na karanta mata abin da ke rubuce a rasiɗin, har da sunana.