Na Yi Wa Zauren Kakana Ƙarya, Yanzu Ana Cinye Shi Da Cokali

Assalamu alaikum Admin da 'yan guruf. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara kafin ruwan farko ya sauka, don wallahi ko tuwo na sa a baki ƙasa-ƙasa nake jin shi.

Ni ɗan Wurno ne, ina aji biyar na sakandare. Gidanmu yana kan hanyar da masu ziyara ke bi zuwa hubbare, kuma a ƙofar gidan akwai wani tsohon zaure na ƙasa, wanda Kaka ke cewa tun zamanin ribaɗi, lokacin jihadi, kakanninmu sunka gina shi. Kaka shi ya haifi marigayi babana, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, kuma cikin zauren nan yake wuni, cikinsa yake kwana. Baffana kuwa, ƙanen babana, tun da na yi wayo burinsa ɗaya ne, a rushe zauren a gina shagunan siminti. Yakan ce garin tarihi, garin tarihi, tarihin nan mi ya taɓa ba wani, baƙi su zo su yi addu'a, su watsar da ledoji su wuce. Sun sha yin cacar baki da Kaka a kan haka.

To ni Allah ya yi ni da baki. In akuyarmu ta haihu da safe, kafin in kai makaranta ɗan akuyar ya fara gaida mutane. Da rani wata bas ta kawo mata masu ziyara, sunka tsaya inuwar zaurenmu suna shan ruwa. Wata tsohuwa ta ce, ɗana, wanga gini na wa ne? Don in ba abokaina dariya sai na gyara murya, na ce da ruwan alwalar mujahidai anka kwaɓa ƙasarsa, kuma akwai wata tsohuwa daga Goronyo da ta zo a duƙe kamar lauje, ta shafa ƙasar a baya, ta koma gida tana tsere da babur. Abokaina na ta danne dariya. Tsohuwar da ta yi tambayar ba ta yi dariya ba. Ta sa farce ta kankari bangon, ta ƙulle ƙasar a haɓar zane. Sauran ma sunka yi layi.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe wata ta ɗauki abin a waya. Fuskata ba ta fito ba, bangon ya fito. Yanzu duk motar da ta zo ziyara sai ta tsaya a gidanmu. Da farce anka fara, anka koma cokali, har wani mutum na gani da bokitin fenti. Kuma ta gefen gabas suke zagayawa, inda ruwa ke duka, su durƙusa suna kankarar gindin bangon. Akwai rami yanzu da kaza za ta yi ƙwai a ciki ba a gan ta ba, kuma wannan karon ba ƙari na yi ba. Tsaga ta taso daga nan har kusa da azara.

Na yi ƙoƙarin gyara abin. Na tare wasu mata na ce musu ƙarya ce, ni na ƙirƙira. Wata daga Maikujera ta ce in rufe mata baki, ita gwiwarta ta warke, rowar albarka nake yi don a gidanmu take. Na kwaɓa laka na cike ramin, sai labari ya koma cewa bangon yana mayar da kansa. Mutane sunka ƙaru.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Kaka. Shi hayaniyar baƙi kawai yake ji, ya ɗauka mutane sun dawo hankalinsu sun gane darajar zauren. Yanzu kullum sai ya naɗa rawani ya zauna a ƙofa yana ba su tarihi, ko da rabinsu suna bayan gini da cokali. Ran nan ya kama hannuna ya ce, “Ɗan nema, ka gani? Ban mutu ba sai da anka tuna da wanga ɗaki.” Baffa ya gaya masa bango zai faɗi, gara ya koma kwana cikin gida, Kaka ya ce dabarar shaguna ce, ya kore shi. Inna, mahaifiyata, ta roƙe shi, ya ce Baffa ne ya turo ta. Anka kawo maganar mai yaɓe, ya ce ba mai taɓa zauren sai an gama ziyarar bana, kada a ɓata wa baƙi kallo. Baffa kuma ya yi rantsuwa duk ranar da ya gane wanda ya ƙago labarin nan, sai ya ga abin da zai raba su.

Dukan Baffa ba ya damuna, na saba. Amma jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ina zaune wurin Kaka sai wani ɓangaren ƙasa ya faɗo daga sama dab da inda yake aza kansa. Ya shafa, ya yi dariya, ya ce zauren ne ke gaishe shi. Ruwan bai sauka ba, amma ba kullum zai fasa ba.

Na san Kaka ba zai fita ba sai ya yarda ba don tarihi ake zuwa ba. In na faɗa masa, na ƙwace masa abin da ya jira duk rayuwarsa, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru, da bakina na rushe masa ɗaki a kansa. Kuma ko na faɗa, ni ne fa, wanda ko sallama na yi sai an leƙa an tabbatar. Jama'a mi zan yi? Wa zan samu ya raka ni wurinsa, kuma da wace kalma zan fara, tun da ƙaryata kowa ya yarda da ita, gaskiyata kuwa ba mai saye?